Man Shanu a Cikin Jar Giyar Nessa

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Nessa ta dawo gida da ƙafarta. Na gode wa Allah. Ɗinki bakwai a ƙeya, kwana biyar a gadon asibiti. Likita ya ce ta kwanta mako guda, ban da hawa tsani, ban da tuƙi, ban da gardama. Na ce masa biyun farko zan iya tsare masa.

Ni na tsince ta ranar Alhamis, a kwance a ƙasan tsohon garken shanunmu inda ta kafa tankunan giyarta, tsani a yashe gefe guda. Abin da na fara yi da na durƙusa a kanta, ba zan rubuta shi ba.

Shekararta talatin da ɗaya, da karatunta da komai, ta zaɓi ta dafa giya a wurin da ubanta ya tatsi shanu. Na faɗa mata ra'ayina tun ranar farko kuma ban canza ba. Ɗan bajon nan da ke ƙirjina, tun ina da shekara goma sha biyu nake maƙala shi, ranar da na yi alkawari a coci cewa barasa ba za ta wuce maƙogwarona ba. Shekara hamsin da huɗu ke nan. Ta kuma san abin da ya sa na ƙara riƙe shi da kyau bayan abin da giya ta yi wa mijina, marigayi Malachy.

Amma ta dawo. Yau wannan ya ishe ni.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Yayanta Fintan ya bugo waya daga Perth ta Ostareliya. Ba laɓe na yi ba, bangon gidan nan ne ba shi da kauri. Yana ce mata ta tattara ta taho, akwai ɗaki, akwai aiki, akwai rana. Na ji ta ce, "Bari in ga bayan bikin girbi. In jar giyar nan ba ta yi abin kirki a gasar ba, na haƙura, zan zo."

Huɗu ga Oktoba ne bikin. Waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku, su ne gidajen giya na birnin Kilkenny ke ɗaukar kayansu.

Na riga na ba Ostareliya ɗa guda. Shekara tara, sau biyu na gan shi. Yanzu ga inda aka kai ni: abin da na fi tsana a duniya shi kaɗai ke riƙe mini 'yata a gida. Da wane baki zan roƙi Ubangiji ya sa wa tankin giya albarka?

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Burodi ya ƙone a gaban Nessa, hayaƙi ya cika kicin, tana zaune tana kallon taga. Sai da na shigo daga shanya na cire shi. Madarar da ta zuba a shayi kuma ta juya tun jiya, daga bakin ƙofa na ji. Ta shanye ba ta ko yamutsa fuska ba.

Na taɓa zama da mutumin da burodi ke ƙonewa a gabansa.

Na duba ƙarƙashin gadonta da bayan wadirob lokacin da take wanka, ko ta ɓoye kwalba. Babu komai. Na gode wa Allah. Na ji kunya kuma.

Juma'a, 12 ga Satumba, tsakar rana

Ba ta ci abincin kirki ba. Na sake dubawa. Babu komai.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Ta ƙi jiran cikar makon. Ina wanke-wanke na hango ta ta taga tana tsallaka tsakar gida da silifas. Kafin in goge hannu na ji ihu.

"Mama! Wa ya taɓa mini tanki?"

Na ce ni ce, kuma ba godiya nake nema ba. Washegarin faɗuwarta na shiga in kashe fitilu, na dafa babban tankin na ji shi da ɗumi, ma'aunin yana nuna digiri goma sha tara. Ni 'yar masu shanu ce, matar mai shanu. Duk abin da ke cikin tankin ƙarfe, in ya yi ɗumi ya lalace. Sai na murɗa injin sanyi zuwa uku, kamar yadda muke yi wa madara.

Ta zauna a kan wata ganga ta riƙe kai. "Ba madara ba ce, Mama. Yis ne a ciki, mai rai, kwanansa huɗu kacal da fara aiki. Kin sa shi barci bai gama ba."

Na ce to a tashe shi mana. Ta ce ba ɗan makaranta ba ne.

Ta tsiyayo kaɗan a kofin gilashi, ta kai hanci, ta daɗe. Ta sake kaiwa. Sannan ta ajiye kofin a hankali, ta ce, ba ta dube ni ba, "Ba na jin komai."

Na ce sanyi ne ya danne ƙamshin.

"Ba giyar kaɗai ba. Komai. Tun da na farka a asibiti. Ko sabulu, ko kofi, ko kaina. Likita ya ce buguwar kai na yin haka. Wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba."

Allah ya yafe mini, abin da na fara ji a raina daɗi ne. Burodin, madarar, ƙin cin abincin. Ashe hanci ne. Hanci ne kawai. 'Yata tana kuka a kan ganga, ni kuwa ina hamdala a raina.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan an taso coci

Ta ce kada kowa ya sani, musamman gwaggonta Assumpta, 'yar'uwar Malachy, wadda in ta ji magana da safe, kafin tsakar rana ta kai garin Carlow. "Wa zai sayi giyar matar da ba ta jin ƙamshi?"

Sannan ta faɗi abin da na yi zaton ba ta sani ba.

"Idona biyu ranar nan, Mama. Ina kwance jini na zuba, kika sunkuyo kika shinshina bakina. Kafin ki kira motar asibiti."

Na ce daƙiƙa biyu ne.

"Na sani. Me kika ji?"

Na ce shayi da lemo.

"To."

Tun da ta faɗa, ga shi na rubuta.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Kofin da ta bari shekaranjiya yana nan a garken, na je ɗauko shi in wanke. Kazanta ce barin kofi kwana biyu. Da na ɗaga shi sai na tsaya. Na dawo kicin na ce mata, "Wa ya sa miki man shanu a giya?"

Ta miƙe tsaye har sai da ta dafa tebur. "Me kika ce?"

Na ce man shanu, kuma ba mai kyau ba, irin wanda aka bari a rana ya narke. Shekara goma sha tara ina alƙalancin man shanu a bikin girbi, ba wanda zai koya mini shi.

Ashe abin da take tsoro ke nan. Ta ce yis yana fitar da wannan warin a farkon aikinsa, in an bar shi cikin ɗumi sai ya koma ya shanye abinsa. Ni na hana shi. Ta ce a irin jar giyar ƙasar nan alƙalai suna yafe ɗan kaɗan, can ƙasa, amma in ya yi yawa ko kurɓa ta biyu ba za su yi ba.

Akwai magani: a ɗumama tankin, a zuba sabon yis mai ƙarfi, a jira. Amma dole wani ya riƙa shinshinawa kowace safiya don a san ranar da warin ya tafi.

Ta dube ni. Na dubi bajona.

Na ce zan yi tunani.

Talata, 16 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je wurin Fada Cusack, limamin cocinmu. Ban ambaci hancin Nessa ba. Na tambaye shi ko wanda ya yi alkawarin barin barasa yana iya shinshina ta.

Ya cire tabarau ya goge. "Philomena, alkawarin naki da baki kika yi shi ko da hanci?"

Na ce ba wasa ya kawo ni ba, Fada.

Ya ce shi ma ba wasa yake ba. Ya karanta kalmomin sau ɗari, bai ga hanci a ciki ba. Ya ƙara da cewa in na ji tana da kyau in aiko masa da kwalba biyu. Limaman zamani ke nan.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu tulun yis yana kumfa kusa da murhuna, a wurin da nake ajiye kwaɓin burodi. Yau ta zuba shi. Garken yana da sanyi, don haka muka lulluɓe tankin da duk bargunan gidan, har da na lantarki na gadona. Wani gefe ya rage a buɗe. Na hau sama na ɗauko babban kwat ɗin Malachy, wanda shekara goma sha ɗaya ban taɓa shi ba.

Nessa ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce ai ya saba da giya.

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ni na hau tsanin. Ita ta riƙe.

Juma'a, 19 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Ga yadda muke yi. Kwalaben jam guda biyu, kowace rabi da giya, a rufe. Ɗaya tana kan tebur. Ɗayar ina sa ta a tukunyar ruwan zafi, ba mai tafasa ba, minti goma sha biyar, sannan in sanyaya ta a ruwan famfo. Zafin yana tono man shanun da ya ɓuya. In buɗe, in shinshina gajere-gajere sau uku, kamar kare, in ji ta.

Yau: man shanu, kamar an buɗe kantin kek.

Asabar, 20 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Man shanu.

Lahadi, 21 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Man shanu. Assumpta ta faɗo bayan coci ba sallama, ta same ni da hanci a cikin kwalba.

"Wayyo Maryamu da Yusufu! Mena Tobin! Da bajon da komai?"

Na ce jam nake gwadawa.

"Jam mai kumfa? Kawo in taya ki."

Na ce mai shan taba kwali guda a rana ba ta da hancin taya kowa. Ta ce da ɗan'uwanta yana raye da ya mutu da dariya. Na ce ai bai jira dariya ba. Na yanka mata kek babba, ta ci, ta tafi. Bai kamata in faɗi haka ba. Ita ma ta yi jinyarsa.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Warin ya ragu. Na gode wa Allah. Nessa ta ce in rantse ba don ta ji daɗi na faɗa ba. Na ce yaushe na taɓa faɗin abu don ta ji daɗi? Ta ce gaskiya ne.

Ta tambaye ni inda na samo irin wannan hancin, don ba man shanu kaɗai nake ji ba. Jiya na ce mata tiyon da take tsiyaya da shi yana warin tsohuwar giya, ta wanke, ta ga ashe haka ne.

Na ce baiwa ce.

Ba baiwa ba ce. Shekara ashirin da biyu ina tsaye a bakin ƙofar nan ina karɓar kwat ɗin mijina. Kafin ya cire hula na san ko baƙar giya ce ko wuski, kofi nawa, a gidan wa, ko sabuwar ganga aka buɗe ko ƙarshen tsohuwa. Da haka nake sanin ko yara su zauna a tebur ko su hau sama. Makarantar da na yi ke nan bayan sakandare.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Warin ya dawo, ko ni ce mura ke neman kamawa. Na ga Nessa ta sauko da akwati daga kan wadirob. Ta ce ƙura take gogewa.

Juma'a, 26 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Na ƙona burodi da gangan, na tsaya ina kallon Nessa. Ba ta ɗago ba.

Asabar, 27 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Yau ce ranar yanke hukunci. Sai an sanyaya giyar kwana uku, a wannan karon da izini, kafin a ɗura a kai wa masu gasa ranar Laraba. In ba a sanyaya yau ba, an makara. In an sanyaya da sauran wari, ya zauna ke nan har abada.

Na shinshina kwalbar da aka ɗumama sau uku. Na fita tsakar gida na shaƙi iska, na dawo na sake.

"Mama, ki yi magana."

Na ce akwai, amma kamar wuƙar da aka shafa man shanu da ita aka wanke. Sai wanda ya nema zai samu.

"Kamar wuƙa. Da wuƙa zan je gaban alƙalai?"

Na ce da ni aka kawo wa wannan a teburin gasa, ba zan rage maki ba. Ta ce ba man shanu ake gasa ba. Na ce hanci ɗaya ne. Ta zagaya tankin sau biyu, ta dawo ta tsaya a gaban injin.

"Ke kika iya murɗa shi. Bismillah."

Na murɗa zuwa uku.

Talata, 30 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Mun yi wa giyar alƙalanci irin na gaske, da takarda da biro. Nessa ta ce masu gwada ruwan inabi suna tofarwa, amma masu gwada giya dole su haɗiye, don ɗacin a can bayan harshe yake bayyana. Na ce to nan iyakata. Ta ce ba ta nema ba. Harshenta yana nan lafiya, tana jin zaƙi da ɗaci, ƙamshin ne kawai babu.

Ta ɗaga kofin a taga. Ja ce mai duhu kamar tsohuwar tukunyar jan ƙarfe, garau, ana hango itacen tuffa ta cikinta. Kumfar ba fara fat ba, kamar kirim. Zan faɗi gaskiya, tana da kyan gani. Zunubi ma yakan yi kyan gani.

Na rufe bakin kofin da tafin hannu na juya shi yadda ta koya mini. Na ce ta rubuta: ɓawon burodi da ya gasu daidai. Alewar madara da aka bari a wuta minti ɗaya fiye da ƙa'ida. Biskit. Can baya ɗan ƙauri kaɗan, wanda ta ce gasasshen sha'ir ne, shi ke ba ta jan. Ɗan ƙamshin ciyawa bayan ruwan sama. Wuƙar tana nan, an wanke ta.

Ta karɓa ta kurɓa, ta riƙe, ta haɗiye. Ina kallon maƙogwaronta, kuma a karo na farko a rayuwata na ga mutum ya haɗiye giya ban ji tsoro ba.

"Zaƙi a farko, ba mai yawa ba. Laushi. Ɗaci kaɗan. Ƙarshen a bushe, kamar shayin da ba sukari." Ta ajiye kofin. "Yis ɗin ya gama aikinsa, Mama."

Kurɓa ɗaya ta yi. Sauran ta zubar a kwata. Na lura.

Asabar, 4 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Giyar Nessa ta zo ta biyu.

Na shiga rumfar giya da bajona a ƙirji, rabin ƙauye na kallo. Wani ya ce, "Misis Tobin, ɓata kika yi? Rumfar kek tana can." Na ce na san inda nake, shi ne nake shakkar ya san inda yake.

Alƙalai uku ne, babbarsu wata mata daga Cork mai gajeren gashi. Na tsaya inda nake ganin fuskarta. Ta shinshina tamu, ta sake, ta ɗan ɗaga gira. Sai ta kurɓa, ta haɗiye, ta sake kurɓa.

A takardarta ta rubuta cewa akwai alamar man shanu can ƙasa, daidai gwargwado, yadda tsofaffin masu dafawa ke barin ta, kuma da gani mai giyar ta san ranar da za ta tsayar. Assumpta ta karanta da ƙarfi don kowa ya ji, ta rungume Nessa, sannan ta raɗa mini, "Jam ɗin ya yi kyau, Mena." Ba ta gaya wa kowa ba. Na zalunce ta a raina.

Wanda ya zo na ɗaya na shinshina tasa da zan wuce. Warin kwali take yi.

Lahadi, 5 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na zaci an gama. Amma da na shiga ɗakin Nessa akwatin yana nan a ƙasa.

Ta ce, "Wannan tanki ɗaya ne, Mama. Gidajen giya biyu suna son ganga kowane wata. Ba zan iya dafawa ba hanci ba, kuma ba zan ce ki ƙare rayuwarki da kai a cikin kwalbar giya ba. Na san me warin nan yake tuna miki."

Na ce ba ta sani ba, kuma gara da ba ta sani ba.

Na zauna a bakin gadon. Na ce ra'ayina bai canza ba. Giya ta ci gidaje a ƙauyen nan fiye da gobara, kuma zan faɗa a gaban kowa. Sharuɗɗana uku: ba a dafawa ranar Lahadi, ba ta hawa tsani sai ina riƙe, kuma kwalaben jam ɗina a dawo mini da su a wanke. Talata da Juma'a, ƙarfe takwas. In ta makara na tafi.

"Har yaushe?"

Na ce har hancinta ya dawo, ko nawa ya tafi.

Ta sa fuskarta a kafaɗata, bajon yana sukar kumatunta, ba ta matsa ba. Gashinta yana ƙamshin sha'ir da sabulu. Ba da niyya na shinshina ba. Ban nemi komai ba.

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Ni na kira Fintan da kaina na ce ya ba wani ɗakin. Ya ce, "Mama, da gaske ke ce ma'aikaciyar gidan giya yanzu?" Na ce ya iya bakinsa, kuma ya zo Kirsimeti.

Akwatin ya koma kan wadirob. Kwat ɗin Malachy na bar shi a garken, za a sake buƙatarsa da sanyi ya shigo. Na aika wa Fada kwalbarsa biyu.

Na ƙona burodi yau ma. Ba ta ɗago ba. Ba komai. Akwai burodi da yawa, kuma tana nan a teburin.